Yadda Muke Lissafa Kuɗin Karatun Yara Masu Buƙata ta Musamman da Asusun Ko-ta-kwana a Masacusets

A jihar Masacusets ta Amurka shekarar kuɗi tana farawa ran 1 ga Yuli ta ƙare ran 30 ga Yuni, amma mu a ofishin kuɗi na gundumar makarantu tun watan Oktoba muke buɗe takardun kasafin shekara mai zuwa. Wato adadin da muka rubuta yau shi zai riƙe makarantu har bayan kusan wata 20. Albashin malamai ba ya ba mu wahala, domin yana rubuce mataki-mataki a yarjejeniyar ƙungiyarsu. Kuɗin wuta da na ɗumama azuzuwa ana iya kintatarsu daga na bara. Inda lissafi ke kwance mana shi ne ɓangaren yara masu buƙata ta musamman, saboda a nan yaro ɗaya tak da ya sauka a gari a watan Nuwamba zai iya cinye abin da ya kai albashin malamai biyu ko uku.

Kuma babu halin a ce ba kuɗi. Jihar ta kafa dokarta, wadda ake kira Babi na 766, tun 1972. Ta tarayya ta biyo baya a 1975, ita ce aka sake wa suna IDEA a 1990. Dukansu magana ɗaya suke yi: yaron da ke da lalura yana da haƙƙin samun karatun da ya dace da shi, kyauta, daga shekara 3 har ranar da ya cika 22 a wannan jihar. Abin da za a yi masa ana rubuta shi a takardar IEP, wadda iyaye da malamai da ƙwararru suke zama su tsara. Ma'ajin gunduma ba shi da ta cewa a wannan zaman, kuma haka ya kamata. Da zarar iyaye sun sa hannu, takardar ta zama bashi a wuyanmu. Majalisar dokokin tarayya ta ce za ta iya ɗaukar har kashi 40 cikin 100 na matsakaicin kuɗin da ake kashe wa ɗalibi, amma abin da take bayarwa shekara da shekaru bai kai rabin wannan ba. Sauran yana kan jiha da garuruwa.

Aikin farko shi ne zama da daraktar sashen masu buƙata ta musamman, mu bi yara ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ɗauki jimillar bara ya ɗora mata kashi 4 ko 5 cikin 100 ya ce ya gama, ya shirya wa kansa tarko. Muna buɗe jadawali, kowane yaro da layinsa, amma da lamba maimakon suna. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A ƙaramin gari, idan ka ce a bainar jama'a "ɗalibi mai shekara 15 da ke makarantar kwana", rabin zauren sun san ɗan gidan wa ake nufi. Don haka jadawalin ba ya fita daga ofis, jimilla kawai ke zuwa gaban kwamitin makarantu.

A kowane layi muna cike abubuwa kamar haka: makarantar da yake, kuɗinta na rana ɗaya, yawan kwanakin karatunta, ko yana da karatun lokacin hutun bazara, ko yana da mataimaki na musamman da ke tare da shi duk yini, kuɗin motarsa, da ranar haihuwarsa. Kwanakin karatu suna ruɗar sababbin ma'aikata. Makarantun gwamnati kwana 180 suke yi, amma makarantu masu zaman kansu da yawa suna wuce kwana 200, na kwana kuma wasu shekara ce cur, kwana 365. Idan ka ninka kuɗin rana da 180 alhali makarantar tana yin 216, ka ɓatar da kwana 36 a layi ɗaya. Ranar haihuwa kuwa tana gaya mana wanda zai cika 22 a tsakiyar shekara. Wanda zai cika a watan Janairu, kuɗin rabin shekara za a sa masa. Shi ma sai an tabbata an miƙa batunsa ga hukumomin kula da manya tun saura shekara biyu, kamar yadda dokar jihar ta tanada, don kada ranar ta zo iyali su rasa inda za su nufa.

Yaran sun kasu gida uku ta fuskar kuɗi. Mafi yawa suna makarantunmu, kuɗinsu yana cikin albashin malamai da mataimaka da masu koyar da furuci da masu gashin ƙashi. Wasu suna makarantun haɗin gwiwa da gundumomi maƙwabta suka kafa tare, waɗanda galibi sun fi sauƙi. Sai 'yan kaɗan da ke makarantu masu zaman kansu da jiha ta amince da su, na jeka-ka-dawo ko na kwana. Waɗannan 'yan kaɗan ɗin su ne ke juya kasafi. Ta jeka-ka-dawo tana iya haura dala 100,000 a shekara, ta kwana kuma tana iya wuce dala 300,000.

Farashin makarantu masu zaman kansu ba mu ke yanke shi ba. Wani ofishin jiha, OSD, shi ke sanar da ƙarin da za a yi, kuma yakan fitar da sanarwar a farkon Oktoba. Shekaru da dama ƙarin yana tsakanin kashi 2 zuwa 3 cikin 100, har aka saba sa hakan ido rufe. A Oktoban 2022 sai aka sanar da kashi 14 cikin 100 na shekarar kuɗi ta 2024, saboda makarantun sun kasa riƙe ma'aikata da albashin da suke biya. Dalilin yana da ƙarfi, amma gundumar da ke biyan dala miliyan 3 a wannan layin ta wayi gari da ƙarin dala 420,000 ba tare da an ƙara mata yaro ko ɗaya ba. Ban da wannan ƙarin na bai ɗaya, makaranta guda tana iya neman a sake mata farashi idan ta sauya tsarinta, don haka muna duba jerin farashin makaranta-makaranta, ba ma wadatuwa da sanarwar gaba ɗaya.

Mota ita ce layin da aka fi rainawa. A ce ƙaramar bas tana ɗaukar yaro ɗaya da mai rakiya zuwa makarantar da ke nisan awa guda, a kan dala 300 a rana. A kwana 180 kaɗai ya zama dala 54,000, kusan wata makarantar ce daban. Kamfanonin da ke wannan aikin ba su da yawa, direbobi sun yi ƙaranci, idan aka nemi tayi sau da yawa kamfani ɗaya ko biyu ne ke amsawa. Abin da ke rage shi shi ne haɗa hanya da maƙwabtan gundumomi masu kai yara makaranta ɗaya, amma akwai iyakar lokacin da ya halatta yaro ya zauna a mota, kuma akwai yaran da ba za su iya haɗa mota da kowa ba.

Bayan yaran da muka sani, sai waɗanda muke hange. Muna da jeri na biyu, na yaran da ke makarantunmu amma alamu sun nuna wataƙila a fitar da su waje: wanda aka kwantar a asibiti, wanda ake sake yi masa gwaji, wanda iyayensa suka ɗauki lauya. Akwai kuma 'yan ƙasa da shekara 3 da ke shirin tallafin jarirai, waɗanda dole takardarsu ta IEP ta fara aiki ranar da suka cika 3, ko da a tsakiyar Fabrairu ne. Ga kowane ɗaya daraktar tana faɗin yadda take gani, mu kuma mu sa kuɗin waɗanda suka fi kusa da tabbas a cikin kasafi. Ra'ayinmu a nan a fili yake: yaron da kowa a ofis ya san zai tafi makarantar waje a Satumba, wurinsa cikin kasafi ne. Wanda ya bar shi a waje don adadin ya yi kyau a idon kwamitin kuɗi, ya ce asusun ko-ta-kwana zai ɗauka, ya cuci asusun tun kafin shekara ta fara.

Shari'a ma tana da layinta. Iyaye suna iya kai ƙara ofishin sauraron ƙorafi na jiha, BSEA, kuma yayin da ake jayayya yaro yana ci gaba da zama inda yake, da kuɗinmu. Tun hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1985 a shari'ar garin Burlington, wanda ke cikin wannan jihar, iyayen da suka kai ɗansu makaranta mai zaman kanta da kansu suna iya samun a mayar musu da kuɗinsu idan aka tabbatar shirin gunduma bai dace ba. Irin wannan biyan yakan zo a dunƙule, wani lokacin na shekarun baya.

Daga nan sai ɓangaren shigar kuɗi. Tallafin bai ɗaya da jiha ke ba makarantun gwamnati, wanda ake kira Babi na 70, ba ya ƙirga yaran da muke da su a zahiri, yana ɗauka ne kawai cewa wani ƙayyadadden kaso na ɗalibai suna da buƙata ta musamman, kashi 1 cikin 100 kuma suna makarantun waje. Ko yaranmu sun ninka haka, ba a ƙara mana. Tallafin tarayya na IDEA, wanda a nan ake sani da lambar asusu 240, yana taimakawa, amma idan aka biya albashin malami da shi sai an cire kashi 9 cikin 100 na asusun fanshon malamai, shi ya sa gundumomi da yawa suka fi son biyan kuɗin makarantun waje ko na mataimaka da shi. Yana kuma zuwa da sharaɗi: ba za mu kashe kuɗinmu na gida ƙasa da na bara a wannan ɓangaren ba, sai da dalili irin su yaro mai tsada ya kammala ko ya bar gari, ko tsohon malami ya yi ritaya aka ɗauki sabo mai ƙaramin albashi. Harajin gidaje, wanda shi ne uwar kuɗin gari, dokar 1980 ta ɗaure shi: ba ya ƙaruwa da fiye da kashi 2 da rabi cikin 100 a shekara, ban da sababbin gine-gine, sai idan jama'a sun kaɗa ƙuri'ar amincewa da ƙari.

Babban abin dogaro shi ne shirin jiha da ake kira Sakit Bireka, wanda ya fara a shekarar kuɗi ta 2004. Yadda yake aiki: akwai wata ƙofar kuɗi, asali ninki huɗu na matsakaicin kasafin tushe na ɗalibi ɗaya a jiha, wato abin da jiha ta ƙiyasta ya isa karatun ɗalibi. Ƙofar ta kai dala 45,793 a shekarar kuɗi ta 2020, daga nan tana ƙaruwa da hauhawar farashi. Duk abin da muka kashe wa yaro sama da wannan ƙofar, jiha tana mayar mana da kashi 75 cikin 100. A ce ƙofar dala 50,000 ce don sauƙin lissafi, yaro kuma ya ci dala 120,000. Abin da ya haura dala 70,000 ne, jiha ta mayar da 52,500, mu mu ɗauki 67,500. Dokar ilimi ta 2019 ta shigar da kuɗin motar makarantun waje cikin lissafin, a hankali cikin shekara huɗu.

Abu biyu ne ke sa wannan shirin ya yaudari mutum. Na farko, kuɗin bara ake biya bana. Muna shigar da buƙatarmu a watan Yuli kan abin da muka kashe a shekarar da ta ƙare, sannan a biya mu kashi-kashi a shekarar da ta shigo. Yaron da ya zo mana yau, ba za mu ga ko sisi a kansa ba sai baɗi. Na biyu, kashi 75 ɗin ya dogara da abin da majalisar jiha ta ware. Bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008, a shekarar kuɗi ta 2010 abin da aka biya ya faɗi ƙasa da rabi, kuma gundumomin da suka riga suka rubuta 75 a kasafinsu sun sha wuya.

Saboda haka tsarin da muka riƙe shi ne mu kashe na bara a bana. Doka ta yarda a riƙe kuɗin Sakit Bireka shekara ɗaya bayan an karɓe shi, a asusu na daban da kwamitin makarantu ke iya taɓawa ba sai an koma taron gari ba, wato zaman da jama'ar gari ke kaɗa ƙuri'a kan kasafi. Kuɗin da ya shigo a shekarar 2025, alal misali, shi ake ginawa cikin kasafin 2026, adadinsa a hannu, babu kintace. Kaiwa ga wannan matsayi yana ɗaukar shekaru, domin sai an riƙa barin wani abu kowace shekara har a tara na shekara guda cif. Kuma duk lokacin da kasafi ya matse, za a sami wanda zai nuna wannan asusun ya ce ga kuɗi zaune ana korar malamai. Sai an yi ta bayani cewa kuɗin nan an riga an rubuta shi a kasafin baɗi. Idan aka cinye shi bana, ramin yana nan yana jira a Yuli mai zuwa, ga shi kuma babu inda za a juya.

Asusun ko-ta-kwana na musamman ya samu ne da dokar sabunta harkokin ƙananan hukumomi ta 2016, a sashe na 13E na Babi na 40. Kafa shi yana buƙatar rinjayen ƙuri'a a kwamitin makarantu da kuma majalisar gari, wadda a ƙananan garuruwa ita ce taron gari. Dokar ta ƙayyade cewa abin da ke ciki kada ya wuce kashi 2 cikin 100 na tsabar kuɗin da gunduma ke kashewa kan makarantu a shekara. Gundumar da ke kashe dala miliyan 40, iyakarta dala 800,000. Ruwan da kuɗin ya haifa yana zama a ciki, kuma abin da ya rage a ƙarshen shekara ba ya komawa baitulmalin gari kamar sauran kuɗin kasafi. Fitar da kuɗi kuma sai da ƙuri'a biyu, ta kwamitin makarantu da ta hukumar zartarwar gari. Wasu suna ganin wannan jan ƙafa ne. Mu muna ganin shi ne kariyar asusun, domin ba wanda zai iya zuwa shi kaɗai ya kwashe don toshe wani ramin.

Daga ina ake zuba masa kuɗi? Galibi daga rarar kuɗin gari da hukumar haraji ta jiha ta tabbatar a kaka, ko daga abin da ya rage a kasafin makarantu a watan Yuni. Wasu garuruwan sun amince a riƙa zuba masa kwatankwacin abin da Medicaid, shirin inshorar lafiya na gwamnati, ya mayar na ayyukan lafiya da aka yi wa ɗalibai a makaranta, tunda wannan kuɗin baitulmalin gari yake faɗawa, ba asusun makarantu ba. Wannan hanya tana da kyau, don tana zuwa kowace shekara kuma ma'aikatan makaranta ne suka yi wahalar cike takardunta.

Dala 800,000 tana da girma a kunne, amma yara uku na makarantar kwana sun isa su share ta. Shi ya sa muka rubuta ƙa'idar amfani da asusun tun kafin buƙata ta taso, kwamitoci biyu suka amince. Abin da ba a sani ba lokacin rufe kasafi, shi asusun zai ɗauka, kuma na shekarar farko kaɗai. Yaron da ya shigo a Nuwamba, asusun ya biya masa daga Nuwamba zuwa Yuni. A kasafin shekara mai zuwa dole ya sami layinsa, domin yanzu an san da shi, kuma mai yiwuwa yana nan har ya cika 22. A nan gundumomi da yawa ke zamewa. Sukan biya shekara ta biyu ma daga asusun don kauce wa rigima a taron gari, ta uku ta zo asusu ya bushe, kuɗin yaron kuma ya ƙaru da hauhawar farashi. Wanda ya ci irin shuka a rani, damina za ta same shi da gona ba iri.

Kafin mu taɓa asusun akwai matakan da muke bi. Muna fara duba ranar da iyalin suka shigo gari. Dokar jiha ta ce idan yaro yana makaranta mai zaman kanta da aka amince da ita, iyalinsa suka ƙaura bayan 1 ga Yuli, tsohon garin ne zai ci gaba da biya har ƙarshen shekarar kuɗi. Idan tsakanin 1 ga Afrilu da 30 ga Yuni suka ƙaura, tsohon garin zai biya har da shekara mai zuwa. Wannan kariyar ba ta shafi wanda ya zo daga wata jiha ba, kuma ba kowane irin wurin karatu ta ƙunsa ba, don haka sai an karanta takardun yaron da kyau kafin a ɗauka an tsira. Sannan mu duba ko wani layin ya sauka, kamar yaron da ya dawo makarantarmu ko gurbin malamin da ba a cike ba. Sannan Sakit Bireka da ke hannu. Idan kuɗin da za mu nema bana ya haura na bara da fiye da kashi 25 cikin 100, akwai agajin gaggawa da jiha ke bayarwa a cikin shekarar, sai dai abin da aka ware masa kaɗan ne kuma masu nema suna da yawa. Idan duk wannan bai isa ba, sai asusun ko-ta-kwana. Bayan shi kuma abin da ya rage ba daɗi: dakatar da sayayya, hana ɗaukar sababbin ma'aikata, ko komawa taron gari na musamman a roƙi ƙari, domin doka ba ta yarda makarantu su kashe fiye da abin da aka ware musu ba.

Daga Janairu zuwa Maris kasafin yana gaban kwamitin makarantu, a yi zaman jin ra'ayin jama'a da doka ta wajabta, sannan kwamitin kuɗi na gari, sannan taron gari a Afrilu ko Mayu. Taron gari jimilla kawai yake yanke wa, rabon cikinta na kwamitin makarantu ne. A waɗannan zaman muna kiyaye harshenmu sosai. Jimla guda kamar "saboda kuɗin masu buƙata ta musamman za a rage darasin kiɗa" ta isa ta sa uwar wani yaro ta kasa ɗaga kai a kantin gari. Abin da ya kamata a nuna wa mutane shi ne tazarar da ke tsakanin kashi 2 da rabi na haraji da kashi 14 na farashin makarantu, da alƙawarin kashi 40 da tarayya ba ta cika ba. Muna kuma nuna musu lissafin gina aji a cikin gida: malami ɗaya da mataimaka biyu da sa'o'in ƙwararru don yara biyar ko shida masu lalurar otizim sau da yawa sun fi araha bisa tura uku daga cikinsu waje, kuma yaran suna zama kusa da gida. Sai dai ajin yana cin kuɗi tun shekarar farko, sauƙin kuma a hankali yake zuwa, don ba a dawo da yaron da ya riga ya zauna da kyau a wata makaranta saboda kuɗi kawai.

Kowane wata muna sake zama da daraktar mu sabunta jadawalin, mu kwatanta abin da aka biya da abin da aka ɗaure wa alƙawari. A watan Yuni, idan an sami rara, doka ta ba mu damar biyan kuɗin makarantu masu zaman kansu na wata uku gaba. Yana rage nauyin shekara mai zuwa, amma muna rubuta shi a sarari a matsayin abin da ba zai maimaitu ba, in ba haka ba kasafin baɗi zai nuna kuɗin wata tara kamar na shekara guda, na bayansa kuma ya yi tsalle. Abin da ya saura muna neman a mayar da shi asusun ko-ta-kwana. A Yuli kuma a tattara rasitai, da takardun IEP masu sa hannu, da lissafin mota na kowane yaro, a shigar da buƙatar Sakit Bireka. Aikin da aka yi wa yaro amma ba a rubuta shi a IEP ɗinsa ba, masu binciken jiha suna cire shi daga lissafi.